Motar Gari da Majinyatan Laraba

Har yau akwai waɗanda in an ambace ni a ƙauyenmu sai su ce, ai ita ce wadda ta yi wa kawunta ƙarya saboda mota. Ba na musu. Na yi, kuma da za a maido da kwanakin nan baya, wallahi da na sake yi, sai dai in fara tun da wuri.

Ni ce ma'aikaciyar ɗakin shan magani na ƙauyen, can gefen Dinawa. Ɗaki biyu ne da baranda, da gado ɗaya na karɓar haihuwa. Abin da na iya na iya: zazzaɓi, allurar rigakafi, ɗaurin rauni, haihuwar da ta zo da sauƙi. Abin da ya fi ƙarfina kuwa, kamar mace ta ɓalle da jini ko ɗa ya zo a gicciye, sai babban asibiti a Wurno. Tsakaninmu da kwalta akwai 'yar tafiya ta rairayi, kuma abin hawanmu kabu-kabu ne. A ɗora mai naƙuda a bayan babur, duk macen da ta taɓa haihuwa ta san abin da nake nufi, ba sai na yi bayani ba.

Shekarar da albasa ta yi daraja, mutanen gari suka haɗa hannu. Wannan ya ba da buhu, wancan rabin buhu, mata suka tara wake da gero, aka sayar, aka sayo mota ta hannu daga Sakkwato. Doguwa ce, fara, irin wadda ake kwantar da kujerar baya mutum ya miƙe sosai. Ranar da ta shigo gari har guɗa na yi, ni da ban iya guɗa ba, mata suna ta yi mini dariya.

Makulli aka damƙa wa Kawu, yayan mahaifiyata. Ba wanda ya yi gardama, don in ka ba Kawu ajiyar allura, bayan shekara goma zai maido maka ita da zarenta. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya tsaya tsayin daka har na gama makarantar koyon aikin lafiya. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka mugun mutum zan ba da labarinsa. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi.

Kawu ya taɓa ganin yadda motar haɗaka ta ƙare a wani ƙauye kusa da mu. Yau an kai amarya Rabah, gobe an kai tumaki kasuwar Goronyo, jibi ɗan wane ya ara ya koyi tuƙi, kafin shekara ta zagayo ta zama gidan kaji. Saboda haka ranar Juma'a bayan an sauko, a gaban masallaci, aka yanke doka kowa ya shaida: motar gari ba ta motsi sai don mai naƙuda, ko mara lafiyar da ma'aikaciyar shan magani ta ce a kai asibiti. Tuƙi kuma aka ba Baba direba, wani dattijo mai sanyin hali da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babbar mota.

Aka kafa mata rumfar kara a ɗan kwarin da ke bayan masallaci, don can ne inuwa. Aka lulluɓe ta da tamfol, aka ɗaure da igiya. Kullum da safe Kawu zai zagaya ya duba ta, ya kori awaki, ya share gindinta, sai ka ce amarya a lalle. Makullin kuwa yana rataye da zare a wuyansa, cikin riga.

Na tuna ranar da Baba direba ya ɗan yi magana, muna tsaye bakin rumfar.

Ya ce, "Alhaji, mota hwa ba a aje ta haka. Tana son a riƙa motsa ta."

Kawu ya ce, "Abin da anka aje shi ka daɗewa. Ka taɓa ganin takalmin da ba a sawa ya tsinke?"

Baba direba ya sosa ƙeya. Ni kuwa har gyaɗa kai na yi, na ce Kawu ya faɗi gaskiya. Ban san komai game da batir ba a lokacin, kuma wannan gyaɗa kan har yau yana ci mini rai.

A watannin farko an tashe ta sau uku, ta kai ta dawo lafiya. Daga nan sai Allah ya kawo sauƙi, sati bakwai ba wadda haihuwa ta gagara, ba wanda ciwo ya kayar. Muna ta godiya, mota tana kwance.

Sai ranar matar maƙeri. Yarinya ce mai fara'a, shekararta shida da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, sai wannan cikin. Duk gari ya san yadda ita da mijinta suka ɗora rai a kansa. Damina ce, ana noma na biyu, maza duk suna gona. Da hantsi aka kawo mini ita, ina dubawa na ga hannun ɗa ne ya fara leƙowa. Na aika a kira Kawu da Baba direba, na ce a gaya musu ba jira.

Kawu ya zo a guje, tsoho da shi, yana haki. Aka kwance igiya, aka yaye tamfol, muka kwantar da ita a baya. Baba direba ya sa makulli ya murɗa.

Ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Ya sake murɗawa. Ƙyas ɗaya, sai shiru. 'Yan fitilun da ke gaban sitiyari suka yi ja-ja suka mutu.

Ya ce, "Batir ya kwanta. A tura."

Wa zai tura? Mu ne, mata, wasu da goyo a baya, sai Kawu. An yi ruwa da asuba, ga kwari, ga rairayi. Muka tura har zanina ya yage, tayoyi suna ƙara nutsewa, ita kuma tana ciki tana kiran sunan Allah da wata irin murya da ba na son tunawa. Ko taku biyar motar ba ta yi ba. Ƙarshe amalanken shanu aka samo ya kai mu kwalta, muka zauna bakin hanya muna ɗaga wa motoci hannu. Sai bayan la'asar muka shiga asibiti. Aka yi mata aiki nan take, ita ta tsira. Ɗan namiji ne, cikakke, har da gashi baƙi wuluk, ba rai.

Kwana uku bayan haka Kawu ya ce a kai batir a cika. Na ce zan bi Baba direba, don ina son in ji da kunnena abin da ya kashe shi. Mai cajin batir a Wurno, wani mai rigar da ruwan batir ya huhhuda, ya saurari labarinmu ya girgiza kai.

Ya ce, "Malama, batir ba hatsi ba na da za ki zuba rumbu ki ishe shi baɗi. Ko mota tana kwance shina zurarewa kaɗan-kaɗan, balle ga zahin ƙasag ga tamu, balle wanga da ya kwana biyu. Tahiya ita ka cika shi."

Na ce, "In ana tada ta cikin rumhwa kullum hwa?"

Ya ce, "A tada ta minti biyar a kashe? Wannan ƙara cinye shi kuka yi. A hau hanya da ita, ta yi tahiya mai ɗan nisa, ko sau ɗaya ga mako. In kuwa dole a aje ta, a cire kan batir."

Muka dawo, aka mayar da batir, mota ta tashi kamar ba ita ba. Ina tsaye ina kallo Kawu ya jawo tamfol ya sake lulluɓe ta, ya ɗaure igiyar har ta fi ta dā ƙarfi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da yamma na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na maimaita masa duk abin da mai caji ya ce.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ɗiyata, na ji. Amma alkawali munka yi gaban masallaci. Yau in munka ce a zaga da ita don batir, gobe wani shi ce tunda za ta hita a rage mai hanya, jibi a sa buhu guda. Daga nan ta ƙare. Ga mai ya yi tsada, da dukiyar talakawa za mu yi yawo?"

Na ce, "Kawu, ba a fafe gora ranar tahiya. Mun gani da idonmu."

Ya ce, "Ke da kika aikin asibiti, ba ki san in kwana ya ƙare ba mota ba ta ƙara shi?"

Na ce, "Na sani. Amma Allah cewa ya yi tashi in taimake ka, bai ce lulluɓe da tamhol ba."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya dube ni, ya ce in tashi in tafi gida.

Na tafi, amma da tunani na tafi. Dokar tasu ta ce mota na tashi don mara lafiyar da ma'aikaciyar shan magani ta ce a kai. To wace ce ma'aikaciyar? Ba ni ba ce?

Larabar da ta biyo na aika wa Kawu cewa ina da masu ciki uku da nake son a yi wa hoton ciki a Wurno. Gaskiya ne, suna bukata, dā can rashin abin hawa ke hana su. Ya ba da makulli. Wata Larabar na tura tsofaffi biyu masu hawan jini. Wata kuma yaro mai ciwon kunne da uwarsa. Mai kuwa, masu zuwa su ɗan tara, in cika sauran daga aljihuna. Baba direba bai taɓa tambayata komai ba, sai dai in mun hau kwalta ya ɗan taka ta yana murmushi, ya ce bari ta sha iska.

Haka muka yi fiye da shekara. Mota ba ta sake yin ƙyas ba ko sau ɗaya, kuma a tsakanin nan ta kai mata huɗu da haihuwa ta zo wa da gardama, duk suka dawo da 'ya'yansu a hannu. Kawu ba wawa ba ne. Wata rana yana ciro makulli daga wuya ya ce, "Ikon Allah. Tun da anka sawo motag ga, ciwo ya koyi Larba." Na sunkuyar da kai na ce ai haka abin yake zuwa.

A cikin wannan shekarar matar maƙeri ta sake samun ciki. Ranar da na tabbatar mata, ta kama hannuna ta ƙanƙame, tana kallon bayan masallaci ta taga. Macen da aka yi wa aiki ba a wasa da haihuwarta ta gaba. Na gaya wa mijinta cewa da watanta ya kama ya kai ta Wurno ta zauna wurin danginsa, ya amince. Amma na daɗe a aikin nan, na san ciki ba ya duba kalanda. Daga ranar, kowace Laraba da na cika motar nan, ita nake gani a kwance a baya.

Sai aka yi wata Laraba da ban sami kowa ba. Masu ciki sun je satin da ya wuce, tsofaffi lafiyarsu ƙalau, ko mai tari babu. Wata Inna maƙwabciyarmu, tsohuwa mai ƙarfi kamar kututturen kirya, ta daɗe tana cewa tana son zuwa Wurno ta sayo tukunya. Na auna jininta, ya fi nawa kyau. Na aika wa Kawu na ce jinin Inna ya hau, sai an kai ta. Wannan ce ƙaryar, ita kaɗai, kuma ban ƙawata ta ba.

Na gargaɗe ta ta kama bakinta. Ina! Da yamma muka dawo, ta sauko daga mota a gaban majalisa da sabuwar tukunya a kai da ƙullin busasshen kifi a hannu, tana ba kowa labarin yadda ta karya mai tukwane a ciniki. Wani ya ce, "Inna, ya jiki?" Ta ce, "Wane jiki?"

Washegari aka kira ni zauren maigari. Dattijai sun cika, Kawu yana gefe kansa a ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maigari ya tambaye ni ko gaskiya ne Inna lafiyarta lau.

Na ce, "Lahiya lau take, ranka shi daɗe."

Ya ce, "To wa kinka kai asibiti?"

Na ce, "Mara lahiyad da nika kaiwa kowace Larba, ita ta motat. In ba a hita da ita ba mutuwa taka yi. Ta taɓa mutuwa, ta tahi da ɗan mutane. Ni na ɗauko shi cikin zane, ba ku ba."

Zaure ya ruɗe. Wannan ya ce rashin kunya, wancan ya ce dama an ce boko haka yake mai da mace, wani ya ce na mai da motar gari tawa. Duk ban damu ba, na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Sai da suka lafa Kawu ya ɗago kai, a hankali ya ce, "Ɗiyata, kin yi min ƙarya." Wannan kam ta shige ni. Na fi son da mari ya yi mini. Amma ban ba da haƙuri ba, don in na ba da, na yarda ke nan cewa tamfol ya fi ni gaskiya.

Aka sake doka. Daga ranar, sai Kawu ya ga mara lafiya da idonsa kafin makulli ya fito, kuma awon ciki ba ciwo ba ne, mai son awo ta hau kabu-kabu. Tuwon da nake aika masa duk Juma'a tun da na yi aure, aka dawo mini da shi ko buɗewa ba a yi ba.

Mota ta kwanta. Sati ɗaya, sati biyu, sati uku. Cikin matar maƙeri ya shiga wata takwas. Ko abinci nake ci, in na tuna sai in ji ƙyas-ƙyas ɗin nan a kunnena, in ture kwano.

Wata safiya Baba direba ya zo karɓar maganin ciwon baya. Da zai tafi sai ya ajiye wani ɗan ƙarfe na kwance noti a kan teburina.

Ya ce, "Sihwana ta, mai lamba goma. Ƙohwab baya ta dama ba ta kulluwa tun da anka sawo ta. Abin buɗe bonet shina ƙasan sitiyari. Baƙar waya aka hwara kwancewa, sannan ja. In za a maida, ja ta hwarko." Ya gyara hularsa. "Ni dai ban ce komi ba."

Da na so, da na je lokacin da ba kowa. Ban so ba. Da hantsi na je, lokacin da majalisar gindin bishiya ta cika, da daro da gammo a hannuna. Na kwance igiya, na yaye tamfol, na shiga ta ƙofar baya na buɗe bonet. Sifana ta kuɓuce mini sau biyu, amma na kwance shi. Ban san batir na da nauyi haka ba sai da na cicciɓe shi na sa a daro. Wata mata da ke wucewa da tulu ta ajiye ta aza mini. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na mayar da tamfol yadda yake, na ɗaure, na biyo ta gaban majalisa da kayana a kai.

Kawu ya miƙe tsaye. "Mi kika yi haka?"

Na ce, "Kawu, kun ce mota ba ta motsi. Ga ta can, ba ta motsa ba. Batir kuwa ban ji kun ce komi ba a kainai."

Wani daga baya ya ce, "Wagga ai sata ta!"

Na juyo da daron a kaina na ce, "Ɓarawo ba shi sata da hantsi gaban majalisa. Duk mai son ganinai shi zo shan magani, shina ƙarƙashin gadon haihuwa."

Na wuce. Ruwan batir ya ɗan zubo mini a mayafi ya huda shi wuri uku, har yau ina da mayafin. A ranar na ɗora shi a kabu-kabu na kai Wurno aka cika, na dawo da shi na ajiye a kan katako ƙarƙashin gado. Bayan sati biyu na sake kai shi, ko da mai caji ya ce bai ragu ba. Na ji ana cewa za a rubuta takarda a ɗauke ni daga garin. Na ce su rubuta, in ba su da biro in ba su nawa.

Saura kwana uku a kai matar maƙeri Wurno abin ya zo. Lokacin cirar albasa ne, maza duk suna fadama. Bayan azahar surukarta da wasu mata biyu suka shigo da ita a tallabe, jini har ƙafa. Kallo ɗaya na yi mata na san ba aikina ba ne. Na sa mata ruwa a jijiya, na tura mace ɗaya gidan Baba direba, ɗaya fadama wurin Kawu, ni kuma na jawo daro. Yadda na kai bayan masallaci da batir a kai ban sani ba, an ce gudu nake yi. Ja da farko, sannan baƙa. Na ɗaure su tam. Aka kawo ta aka kwantar, Baba direba ya shiga ya zauna, hannu a kan sitiyari.

Ba makulli.

Wannan jiran ne ya fi komai tsawo a rayuwata. Kusan wata biyu ke nan Kawu bai yi mini magana ba. Na taɓa aika masa da ƙarya, me zai sa ya yarda da aikena yanzu? In ya ce a je a dubo masa tukuna, ko ya taho a hankali, ni na jawo. Ina riƙe da ledar ruwa sama, ina jin numfashinta yana sauyawa, a raina ina cewa in yarinyar nan ta tafi, rabi tamfol ne, rabi tukunyar Inna.

Sai ga shi ya ɓullo ta bayan masallaci, ba hula, taɓo har gwiwa, yana gudu irin na tsofaffi. Bai ko leƙa bayan motar ya ga mara lafiya ba, shi da ya ce sai ya gani da idonsa. Ya jawo zaren daga wuyansa, ya sarƙe da riga. Ya sa haƙori ya tsinke shi, ya miƙa ta taga.

Baba direba ya ce bismillahi, ya murɗa.

Murɗa ɗaya ta tashi.

Ban san lokacin da na fashe da kuka ba, ni da ba na kuka a wurin aiki. Muka fita daga kwarin nan, ƙasa a bushe, Baba direba ya nuna mana cewa ba a banza ya tsufa a kan hanya ba. Kafin la'asar tana ɗakin tiyata. Aka ƙara mata jini. Aka ciro 'ya mace, 'yar ƙarama, tana tsala ihu kamar wadda aka yi wa laifi.

Kada wani ya zaci an taru an ba ni haƙuri. Ba wanda ya ba ni, ni ma ban ba kowa ba. Mota ta koma rumfa da batir a cikinta, aka lulluɓe, Kawu ya sami sabon zare. Maganar takarda dai ban sake jinta ba. Na ce a raina in ba su sati biyu, in ba abin da ya sauya in sake ɗauko darona.

Laraba da safe na zo buɗe shan magani, sai na tarar da Kawu zaune a benci a baranda, da wankakkiyar riga da hula, ya dafe gwiwa ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon wani wuri.

Ya ce, "Malama." Bai taɓa kirana haka ba. "Gwiwag ga tana damuna. Ki duba ki gani, ko ta isa a kai Wurno."

Na duba. Gwiwar tsoho ce, tana ƙara in an lanƙwasa, ta ɗan kumbura, yadda na san ta shekara da shekaru. Man shafawa ya ishe ta, yana nan cikin kabad. Sai na gane abin da ya yi. Ya zauna ya laluba jikinsa har ya samo ciwo na gaskiya, don kada ya yi ƙarya, kada kuma ya karya alkawarin gaban masallaci.

Na ce, "Ta isa, Kawu. Kuma irin wagga sai an riƙa duba ta a kai a kai."

Ya ce, "Kamar yaushe da yaushe?"

Na ce, "Kowace Larba."

Ya yi ajiyar zuciya. "To, mi za a yi. In akwai masu awo su shigo baya, tunda dai tahiya za a yi."

Tun daga nan haka muke. Yana gaba kusa da Baba direba, ni da masu ciki muna baya. A bakin gari hanya tana bi ta gefen maƙabarta, inda aka sa ɗan maƙeri na fari. Duk lokacin da muka zo wurin sai in ga leɓen Kawu yana motsi, ba ya waiwayowa. Kwanon tuwona ya koma dawowa wayam. Sifana tana nan a jakata tare da almakashi da auduga, ban mayar wa mai ita ba.

Gwiwar kuwa har yau ba ta warke ba. Ni ke duba ta, kuma muddin ina garin nan ba zan sallame ta ba.